Bin Sawun Matan da Malam Ya Shafa wa Tawada

Wai masu buga littattafan nan na kwalliyar mata, ba su taɓa ganin baƙar mace ta ci ado ba ne, ko kuwa sun gani suka kau da kai? Tun ina amarya nake wannan tambaya. Yau ga ni da jikoki, mijina yana ƙasa, ban sami wanda ya ba ni amsa ba. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban san baƙi ba. Ina faɗi ne jikata tana rubutawa, saboda ku da kuka yi ta aiko da tambaya, me ya fitar da tsohuwa daga gama takaba ta nufi Maradi.

Mun tashi da asuba daga Dakoro, ni da ƙanwar marigayi, wadda tun ranar da aka kawo ni gidansu take kirana "matarmu", ba ta kuma fasa tsokanata ba har muka tsufa tare. Rana ba ta fito ba muna tasha. Aka cusa mu a ƙaramar mota, mu da buhunan wake, da wani rago da aka ɗaure a sama yana ta kuka kamar ya san inda za a kai shi. Kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Da direba ya faɗa, abokiyar tafiyata ta tambaye shi ko har da motar zai sayar mana.

Kafin mu yi nisa, bari in gaya muku abin da muka fita nema.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, tela ne a bakin kasuwar Dakoro, ɗinkin mata yake yi. A zamanin ba waya a hannun kowa. Mace idan tana son sabon yayi, katalog take dubawa, wato littafin hotunan mata sanye da tufafi iri-iri, wanda ake kawowa daga ƙasar Turawa, ya tsufa a hannun wasu kafin ya iso mu. Malam yakan sayo su a Maradi. Kuma duk wanda ka buɗe, daga bango zuwa bango, farare ne. Dogaye, gashi har baya, ba mai kama da mu ko ɗaya.

Wata rana wata amarya daga Korahane, garinmu, ta zaɓi riga ruwan toka da ta gani jikin wata Baturiya. Ya ɗinka mata daidai, ba kuskuren zare ko ɗaya. Ta sa, ta dubi madubi, ta dubi hoton, sai ta fashe da kuka. Ta ce ba laifin rigar ba ne, ita ce ba ta da kyau. Ranar Malam bai ci tuwon kirki ba. Washegari ya dama tawada irin ta allo, gawayi da ƙaro, ya ƙara mata ɗan ruwan goro don kada ta yi baƙin tukunya. Takardar tana da santsi, tawada ba ta kamawa, sai ya goge wurin da toka tukuna, sannan ya shafa da gashin kaza. Fuska, wuya, hannuwa. Ya zana musu ɗankwali ya rufe gashin. Wadda rigarta ta tsaya a gwiwa ya ƙara mata tsawo, ya ce ba za a yi tsiraici a shagonsa ba ko da na takarda ne.

Ni ce ma'auninsa. Yakan zaunar da ni a tsakar gida bayan la'asar, ya ɗiga tawadar a bayan hannuna, idan ta ɓace a fatata to ta yi. Daga baya hannunsa ya saba, ya shiga ƙara abin da ba a sa shi ba. Ya ja musu bille a kumatun hagu irin nawa. Wadda take murmushi, ya ɗauki bakin allura ya ja mata siririn layi tsakanin haƙoran gaba, ga wushirya ta fito. Mata suka riƙa zuwa suna cewa, a ɗinka mini irin ta matar tela. Ni ina jin kunya, ina kuma jin daɗi, ban taɓa gaya masa na biyun ba.

Ba ni da hoton ƙuruciya ko ɗaya. Wanda ke katin ɗan ƙasa an ɗauke shi bayan haƙora sun zube. Katalog ɗin nan su ne hotona, su ne kuma wurin da hannunsa ya daɗe. Ya rasu gab da faɗuwar damina. Ina cikin takaba, ba fita, ƴaƴana maza suka share shagon suka ba wani mai cajin waya haya. Keken ɗinkin suka kawo gida, akwatin takardun kuwa suka sayar wa mai sayen tsofaffin takardu, irin masu awo da kilo. Ba da mugunta suka yi ba. Da na fita takaba na tambaya, babban ya ce, "Inna, ai tsofaffin takardu ne." Ban yi masa faɗa ba, na shiga ɗaki na yi kukana. Aka ce mutumin yana bin kasuwanni yana sayar wa masu ƙunshe kaya har Maradi. Na ce ko shafi ɗaya ne zan bi in samo, kafin a gama ƙunshe kayan mutane da fuskata.

Hanya yanzu gudro ce, wato kwalta, mota tana gudu kamar ana korarta. Kaka ta yi, ko'ina dammunan gero a tsaye, mata a bakin rumbuna, amalanken shanu suna tafe a gefen hanya da harawar wake har ta rufe mai tuƙin. Na tuna zuwana Maradi na farko da Malam, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kan buhunan gyaɗa. Yini muka yi a rairayi, mota ta kafe, maza su sauka su tura, mu mata mu nemi inuwar aduwa. Ranar ya cire hularsa yana yi mini fifita a gaban mutane, wani tsoho ya ce wannan yaro an gama da shi. Na nemi itacen aduwar nan da ido daga tagar mota, kamar zan gane shi cikin dubu.

Mun sauka Kornaka, ranar kasuwarsu ce, mun zaɓe ta da gangan. Dabararmu ita ce mu bi masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa, mu saya, mu duba takardar da aka ƙunshe mana. Haka muka yi. Sai dai duniya ta canja, yawancinsu leda suke sawa. Masu takardar kuma, wani takardar buhun siminti, wani tsofaffin takardun ƴan lakwal masu jan biro. Ni in warware in duba gaba da baya, abokiyar tafiyata ta cinye abin da ke ciki, wai kada a yi almubazzaranci. Ta ci ƙosai, ta ci tsire, ta ci ƙuli-ƙuli, ta ci soyayyar fara. Gyaɗa sabuwa ce, mai zaƙi, amma ƙunshin ya ƙanƙance, abin da a da ake ba yaro kyauta shi ake sayarwa yanzu. Kafin azahar mutanen kasuwa sun gane mu. Na ji wani mai tsire yana ce wa maƙwabcinsa ga tsofaffin nan masu cin takarda sun dawo.

Wata mai ƙosai ce ta tausaya mana ta tambayi abin da muke nema. Da na kwatanta mata, ta yi dariya har ta ajiye matsamin.

"Haba Inna, ai kun sha wahalar banza. Takarda mai santsi ba ta shan mai, ba mai ƙosai da za ta saye ta. Wannan ta ƴan koli ce, masu kwalli da turaren wuta da lalle. Mutumin kuwa Maradi yake kai irinta."

Abokiyar tafiyata ta dafe ciki ta ce, "Matarmu, kin kashe ni da mai a banza." Na ce ai ba ni na buɗe mata baki ba. Muka yi ta dariya, rabona da ita tun kafin damina.

Muka sake shiga wata mota. A Sabon Maci an tsaya ɗaukar wake, aka daɗe ana ciniki, muka sha fura da nono a hannun wata Bafulatana, fura mai sanyi da yaji daidai, ba a cika mata ruwa ba. Na zauna ina kallonta. Baƙa ce siririya, da zobba a kunne har sama, da shuɗin mayafi da ya rine mata wuya. Ko sarauniya iyaka ke nan. Na ce a raina, ga irin wadda ya kamata a buga, tana zaune a gindin itacen bedi tana korar ƙuda. Jandarmomi sun tsayar da mu a gaba, suka duba katin kowa. Wanda ya karɓi nawa ya dubi hoton ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ke ce?" Na ce ni ce, ɗana, haka aka bar ni.

Mun shiga Maradi da yamma, muka sauka gidan wata ƴar'uwarmu. Garin ya fi ƙarfina. Kabu-kabu ta ko'ina, ƙara, hayaƙi, gidaje sun hau kan gidaje. Wurin da na sani fili ne ana sayar da rake, yanzu bene ne. A manyan allunan talla na bakin hanya akwai mata suna murmushi, masu tallan sabulu da man shafawa. Kamanninsu namu ne, hanci namu, ɗaurin ɗankwali namu, amma duk an ɗauraye su sun yi fari kamar an fere rogo.

Da safe muka shiga babbar kasuwa. Na fara da layin teloli, don ƙarar keke ta ja ni, sai da na dafa bango na ɗan tsaya. Ba mai katalog yanzu. Wata yarinya mai ɗinki ta nuna mini a wayarta, tana ja da yatsa mata suna wucewa, ta ce waɗannan na Legas ne, waɗannan na Dakar. Akwai baƙaƙe a ciki, na ji daɗin ganinsu, ba zan ɓoye ba. Amma ta ce masu kawo ɗinki sun fi tsayawa a kan masu hasken. A wani teburin mai littattafai na ga irin na Turawan, sababbi, masu kauri. Na roƙi mai su ya bar ni in buɗe ɗaya. Na lasa yatsa na yi ta juyawa, farare, farare, mai jaka, mai agogo, mai kwalbar turare. Sai can kusa da ƙarshe na ga baƙa guda, kyakkyawa, an aske mata kai, ba ta dariya, an tsayar da ita ita kaɗai kamar baƙuwar da ba a ba wurin zama ba. Mai teburin ya ce, "Ai yanzu an fara sa su, Hajiya." Na ce to, Allah ya sa kafin jikokina su tsufa a kai biyu.

Mai sayen takardun yana can bayan kasuwa, wani dattijo a cikin rumfa cike da ɗauri-ɗauri har rufi. Da na ce daga Dakoro, na kwatanta akwatin, nan take ya gane.

"Waɗanda aka ɓata da baƙi? Ai kayan nan sun ba ni wahala. Da sun ji danshi sai su zuba, su ɓata wa mutane kaya. Ƴan koli dawo mini da su suka yi."

Aka ɓata. Shekarun Malam a tsugune da gashin kaza, ga sunan da suka samu. Abokiyar tafiyata ce ta ce masa, "Alhaji, mai ɓatawar yayana ne, ga matarsa, bana ya rasu." Dattijon ya cire hula ya mayar, ya yi mana gaisuwa, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce gaskiya wasu ya hura wuta da su. Sauran wata mai kitso da ke haɗa turaren wuta ta kwashe su da araha, ya kwatanta mana unguwarsu, ya ma tsayar mana da adaidaita da kansa.

Muka kama hanya. Ina ta lissafin turaren wuta nawa ake ƙunshewa a wata huɗu.

Gidan ƙarami ne, da rumfar kwano a tsakar gida. Muka yi sallama, muka shiga, sai na tsaya cak. Bangon rumfar gaba ɗaya, daga bisa har daidai kafaɗar mai zama, matan Malam ne. Ga mai jar riga da ya ƙara wa tsawo. Ga mai riga ruwan ƙwai da muka yi gardama a kanta, na ce ɗankwalin ya yi girma ya ce haka nake ɗaurawa. Ga mai riƙe da lema. Duk suna kallona da billena a kumatu, masu murmushi suna nuna mini wushiryar da na rabu da ita tun tuni. Na zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Mai kitson ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta saki kan da take yi ta kawo mini ruwa, ta jira har na lafa. Da ta ji labari ta riƙe baki. Ta ce don ƙunshe turare ta saye su, ta kuma yaga da yawa kafin ta lura. Ranar da ta tsaya ta duba, sai ta kasa ci gaba. Ta ce tun tasowarta ba ta taɓa ganin littafin Turawa cike da baƙaƙen mata ba, ta ɗauka wata ƙasa ce can ake buga shi. Sai ta dama kunun garin rogo ta manne su a bango. Yanzu amare idan sun zo kitso da lalle a nan suke zaɓen launin da za su sa.

Ƴanmata uku ne a rumfar suna jiran layi. Ɗaya, baƙa wuluk mai manyan idanu, ta ce, "Kaka, wai da gaske kin san matar nan? Mu fa Madam muke ce mata."

Abokiyar tafiyata ta ce, "Ga Madam nan a gabanku a zaune, haƙoran ne suka riga ta tafiya."

Suka kwashe da dariya, ba su yarda ba. Yarinyar ta matso ta duba kumatuna, ta koma bango ta duba, ta sake dawowa. Ta ce ita mai shuɗiyar rigar can take so a ɗinka mata ranar bikinta, don duk wanda ya gani yana cewa suna kama.

Na roƙi mai kitso shafi ɗaya. Ta ce, "Inna, duka naki ne, ki kwashe." Ta ɗauko wuƙa ta sa a gefen mai ruwan ƙwai a hankali. Kunun ya kama siminti ya zama ɗaya da shi, gefen ya yage, tsagar ta nufi wuya. Na ce tsaya. Ta ce idan aka jiƙa da ruwa zai saki. Na ce ruwan da zai saki kunun shi zai wanke tawadar, a bar ni da Baturiya a hannu. Muka duba bangon kaf ko akwai wadda ba ta kamu sosai ba, babu. Matar nan ta iya manni.

Na daɗe a zaune. Ko in koma Dakoro da yagaggiyar fuska a ƙullin zanena, ko in bar su cikakku a inda ake kallonsu. A akwatina ma wa zai gan su? Ni da ido ya fara rauni, sai gara. Na ce ta mayar da wuƙar.

Ta ɗauki hotunansu da waya ta aika wa jikata, ga su nan ana nuna mini, ƙanana, ba ƙanshin ƙaro. Kafin mu fito na tashi na shafa fuskar mai ruwan ƙwai. Hannuna da gumi, tawadar ta ɗan kama kan yatsana. Na dunƙule hannun cikin mayafi, a adaidaita, har masauki, ban bari ya taɓa komai ba. Da aka kira la'asar na tsaya da buta a hannu na daɗe. Sannan na yi alwala.

Mun kwana, washegari muka kamo hanya. Abokiyar tafiyata ta yi barci tun daga Tibiri, kanta a kafaɗata, ta rantse ba ita ba ƙosai har ta mutu, a Kornaka kuma ta farka ta saya. Mun iso Dakoro rana ta karkata. Motar ta bi ta gaban shagon, na ga wayoyi jere a kan teburin da yake yanka yadi, ban kau da kai ba. Babban ɗana yana jira a tasha. Ya dubi hannuna ya ga ba komai, ya sunkuyar da kai. Na ce masa ya ɗauki kayana, ubansa yana can Maradi yana aiki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Masu buga littattafan ba su canja sosai ba, tambayata kuma tana nan inda take. Na fita ina cewa hotona nake nema, na tarar ba nawa ba ne ni kaɗai, don amaryar Korahane aka fara shi, yanzu kuma ya koma hannun wasu amaren. Na kuma gane, a makare, cewa ni ban taɓa tsayawa gaban madubi na ce ba ni da kyau ba, ko sau ɗaya, kuma ba wayona ne ya hana ba.

A shekarun Malam na ƙarshe idonsa ya yi hazo, ya bar ɗinki, zare ma ni nake zura masa idan zai yi wa jikoki faci. Safiyar da zai rasu na shigo masa da koko, da tsohon zanen aiki a jikina, kaina ko ɗankwalin kirki babu. Ɗakin da duhu. Na durƙusa zan ɗaga kansa, sai ya riƙe kwanon ya ture shi gefe. Na ɗauka wani abu ke masa ciwo, na tambaye shi. Ya girgiza kai ya ce:

"Ajiye kokon nan tukuna. Matsa bakin ƙofa inda akwai haske, in gan ki sosai."